Ragar Yamma ta Filin Karare

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayenshi da sahabbanshi baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Jamaluddeen, wanda ya rufe shagonshi da rana tsaka ya zo ya zauna mana, wakilin shugaban ƙaramar hukumar Batsari, wakilin shugaban ƙaramar hukumar Safana, wakilin Hakimi, ranka ya daɗe, masu unguwanni da Ardon Fulani, Liman da ladaninshi, malaman makaranta, baƙinmu na Safana, waɗanda suka ciko motoci biyu da mutane, suka ciko ta uku da cika-baki, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin dalbejiya, 'yan wasa manya da ƙanana, da ku yaran da ke bisa katangar makaranta, waɗanda na san ubanninku ɗaya bayan ɗaya, kuma zan gaya masu: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni wannan rana da ƙafafuna. Ina godiya ga kwamitin wasanni na ƙananan hukumomin nan biyu, da suka yarda a buɗe ajin koya wa yara tsaron raga a wannan fili namu na Karare, suka tara yara goma sha huɗu, tara daga Batsari, biyar daga Safana, suka duba gabas suka duba yamma, suka ce tsohon nan da bai san bihim ba shi ne zai zama kocinsu. Ina godiya da usur ɗin da aka rataya mani. Gajeren wandon da aka haɗo da shi kuwa, ranka ya daɗe, na mayar. Ina da surukai a wurin nan.

An ce mani minti biyar zan yi. Alhaji, ka ajiye agogonka cikin aljihu. Shekara hamsin ina jiran a ba mai tsaron raga lasifika.

Ga wanda bai san ni ba, wato 'yan Safana da aka haifa jiya: sunana Abdulmumini, amma tun shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira ake ce mani Mumini Ƙyaure. A shekarar na fara tsare ragar garin nan, in ma za a kira ta raga, don itace biyu ne da igiyar rijiya a sama. Shekara goma sha tara na tsaya tsakanin itatuwan nan, ba takalmi, ba safar hannu. An zura mani ƙwallo ɗari biyu da goma sha huɗu. Ban rubuta ko ɗaya ba, don ban iya rubutu ba, amma ka tashe ni daga barcin rana ka ce mani ta saba'in da uku, zan gaya maka wanda ya buga, da ƙafar da ya buga da ita, da wanda ya ƙi komowa baya ya taimake ni. Wasunsu suna zaune a nan da carbi a hannu. Na yafe, amma ban manta ba. Tun da na sauka kuma, ba a buga wasa a filin nan ban gani ba, sai ranar da aka yi jana'izar mahaifiyata.

Magana huɗu gare ni, zan jera su yadda na jera su cikin kaina.

Ta farko, yadda muke zaɓen gola a ƙasar nan abin kunya ne, kuma kowa ya san gaskiya nake faɗi. Yara za su taru su raba kansu. Mai gudu ya tafi gaba, mai ƙarfi ya tsaya baya, mai wayo ya shiga tsakiya. Sai a waiga a ga wa ya rage. Mai ƙiba, ko mai ciwon ƙafa, ko ƙanen wani da uwarshi ta ce a tafi da shi. Sai a ce mashi, "Kai, shiga gida." Ba wanda ya taɓa nuna mashi yadda ake tsayuwa, ba wanda ya nuna mashi yadda ake faɗuwa ba a karye ba, ba wanda ya gaya mashi lokacin fita da lokacin zama. In an ci wasa, a ɗauki wanda ya zura ƙwallo a kafaɗa a zagaya gari. In an sha kashi, a ce gola ne. Ni ma haka na fara. Ƙaya ta soke ni a gona, ban iya gudu ba ranar, aka tura ni raga, ban sake fitowa ba sai da gemuna ya fara fari. Wannan ajin an buɗe shi ne don daga yau yaro ya shiga raga saboda an zaɓe shi, ba saboda shi ya rage ba.

Ta biyu, yadda aka yi na zama koci, don na ji ana cewa wai roƙo na yi. Ban roƙi kowa ba. Rigima na yi.

Ga golanmu can sanye da koriyar riga, Rilwanu ɗan Hamidu. Rilwanu, ɗaga hannu su gan ka. Shekararshi goma sha biyar. Mutanen yankin Ruma ne, makiyaya, kuma shekara biyu ke nan da suka dawo nan wajenmu, bayan mutanen daji sun auka masu da rana tsaka bisa babura, suka kore masu shanu. Ba zan tsawaita a wannan ba, babu gidan da ke wurin nan da bai san irin labarin ba. Abin da zan faɗi shi ne, ranar da na fara ganin yaron nan ya kama ƙwallo, sai da na tashi tsaye daga kan dutsen da nake zaune. Jama'a, hannu! Yaron da ya tashi yana kama maraƙi a guje, ƙwallo ba ta da inda za ta bi ta kuɓuce mashi. Tana zuwa sai ka ji kap, kamar an rufe akwati. Ni da kaina, a shekarun da nake ji da kaina, ban kai shi ba. Ku rubuta wannan, don ba zan sake faɗi ba.

Amma kuma ana zura mashi ƙwallo. Wasa bakwai, ƙwallo goma sha ɗaya, kuma irin waɗanda tsohuwa za ta tare da faifai. Kocin ƙungiyarmu, Malam Armaya'u, ga shi can da littafinshi, mutumin kirki ne kuma mai ilimi, ya kira ni gefe ya ce, "Baba, yaron nan zan ajiye shi. Saura mako uku mu karɓi Safana. Ba zan bari su zo har gida su yi mana dariya ba."

Na ce, "Armaya'u, ƙwallo goma sha ɗayan nan, a wace raga aka zura su?"

Ya buɗe littafi, ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ce, "Baba, ai ba a rubuta wannan."

Na ce, "To ni an rubuta mani. Goma a ragar yamma. Ɗaya tak a ta gabas, ita ma ɗan bayanmu ne ya zura da ƙeyarshi."

Ku dubi filin nan da kyau. Bayan la'asar muke wasa. Wanda ya tsaya a ragar gabas, rana tana cikin idonshi, hawaye yake yi yana neman ƙwallo. Wanda ya tsaya a ta yamma, rana tana bayanshi, komai yana gani tas. Duk golan da aka yi a garin nan tun zamanina ragar yamma yake roƙon Allah ya ba shi. To ga yaro, a inda rana ke makanta mutane ba a cin shi, a inda ake hutawa kuma nan ake yi mashi ruwan ƙwallo. Wasu suka ce tsamiyar da ke can ce, wai akwai mutanen ɓoye. Na ce shekara goma sha tara ina jingina da tsamiyar nan lokacin hutun rabin lokaci, ko sallama ba su taɓa yi mani ba.

Na ce wa Armaya'u, "Ba ni shi mako uku."

Ya ce, "Baba, koci fa sai da takarda."

Na ce, "Takardarka ta gaya maka ragar da ake cin shi?"

Ya yi dariya, Allah ya yi mashi albarka, ya ce, "Mako uku. In bai gyaru ba, ranar Safana benci zai zauna, kuma ba za ka zo ƙofar gidana da asuba ba."

Washegari aka yi atisaye, na je na zauna gefen ragar yamma. Kowa yana kallon ƙwallo, ni ina kallon wuyan yaro. Kun ga hanyar can da ta bi ta bayan raga, ta ratsa gonaki ta nufi daji? Babur na farko ya taho. Ni ko jin shi ban yi ba tukuna, sai na ga kafaɗar yaron ta ɗaga. Babur ya matso, wuya ya juya. Ƙiftawar ido ɗaya ce, ya waiga ya dawo. Babur na biyu, ya waiga. Na uku, ya waiga, ƙwallo ta wuce ta gefen ƙafarshi, 'yan kallo suka yi ta ihu, "Gola yana barci! Gola yana kallon 'yan mata!" Ba barci yake ba, jama'a. A duk filin nan babu wanda ya kai shi farkawa. A ragar gabas yana fuskantar hanya, yana ganin duk mai tahowa, hankalinshi kwance. A ragar yamma ya ba daji baya.

Na koma gida ranar ina ta washe baki. Na ce na gano ciwo, saura magani.

Magana ta uku ita ce kuskurena, kuma ina so yaran ajin nan da duk wanda zai koyar bayana su ji ta daga bakina, kada su ji ta a shagon mai shayi an ƙara mata gishiri.

Mu yadda aka koya mana, in kana tsoron abu sai a jefa ka cikinshi. In kana tsoron ƙwallo, a ɗaure maka hannu a baya a yi ta dirka maka ita a ƙirji har ka daina rufe ido. Na ce haka zan yi. Na samu mijin ɗiyata, Nazifi, ɗan acaɓa ne, na ce ya taro mani abokanshi huɗu. Na ce su ɓuya bayan gonar dawa, in sun ga na ɗaga hula, su taho a guje gaba ɗaya, su murɗe babura iya ƙarfinsu, su bi ta bayan raga. Ban gaya wa yaron ba. Na ce in ya sani ai ba magani ba ne.

Nazifi ya ce, "Baba, anya kuwa?"

Na ce, "Kai na ba ɗiya ko kai ka ba ni?"

Ya tafi ya taro su. Da ma bai yi ba.

Na ɗaga hula. Babura biyar suka fito daga cikin dawa da ƙara irin wadda kuka sani. Jama'a, abin da na gani ba zan manta da shi ba har a rufe ni. Rilwanu bai waiga ba ma. Akwai yara biyu ƙanana zaune gindin turken raga suna cin gyaɗa. Ya sure ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya ratsa filin nan daga wannan kai zuwa wancan, ya faɗa cikin gero da su, ya kwanta a kansu. Da aka je aka same shi, yana ce wa yaran su yi shiru. Da ya ɗago ya ga Nazifi, ya ga hula a hannuna, sai ya miƙe. Ya cire safar hannu ya ajiye a gabana, ya tafi gida.

Kwana huɗu bai zo fili ba.

Ni kuwa, da taurin kaina da kuka sani, na ce ai dabarar daidai take, yaro ne bai jure ba. Matata Indo, ga ta can, shekara arba'in da shida muna tare, ta ajiye mani tuwo ranar farko ba miya. Na ce, "Indo, ina miya?" Ta ce, "Tana gidan Hamidu. In ka je ka ba da haƙuri ka taho da ita." Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku na ce, "Ni fa dattijo ne, zan je in durƙusa wa ɗan shekara goma sha biyar?" Ta ce, "Da kai dattijo ne da ba ka tara babura ka tsorata ɗan mutane ba. Malam, yaron nan abin da ya gani da idonshi kai labarinshi kawai ka ji." Rana ta huɗu na ɗauki sandata.

Na iske Hamidu yana gyara turken 'yan awakin da suka rage mashi. Muka gaisa, muka gaisa, muka sake gaisawa, ina ta jan gaisuwa don in jinkirta abin da ya kawo ni. Daga ƙarshe na ce, "Hamidu, na yi wa ɗanka laifi, na zo ba da haƙuri." Ya shimfiɗa mani buzu, ya sa aka kawo fura. Shi mutum ne da bai taɓa taka filin nan ba, a wajenshi ƙwallo aikin wanda ba shi da dabba ne. Na kwashe duk abin da na gani na gaya mashi, har da waigen.

Ya ce, "Dattijo, to mi kake so ya yi? Ni na koya mashi waigen nan. Tun yana shekara bakwai shi ke bin bayan garke, ni ina gaba. Aikinshi ke nan, ya san abin da ke tahowa ta baya. Ranar da aka zo mana, shi ya fara ji, shi ya sa uwarshi da ƙannenshi suna raye. Yanzu kai kana so ka cire mashi shi saboda fata mai iska?"



Na ce, "To ku a daji, in za ku ci abinci fa? In za ku huta? Haka za ku yi ta juya wuya kamar mujiya?"

Ya ce, "A'a. In mu biyu ne, sai mu zauna baya da baya. Ni in ga gabas, shi ya ga yamma. Wanda ya san akwai ido a bayanshi ai sai ya ci furarshi."

Jama'a, furar da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye ta ba!

Na sa aka kira yaron. Ya zo ya tsuguna nesa, kanshi a ƙasa. Na ba shi haƙuri a gaban ubanshi, da baki cikakke, ba irin haƙurin manya na "to shi ke nan" ba. Sannan na ce, "Rilwanu, gobe zan zo da kujera. Zan ajiye ta bayan ragar yamma, in ba ka baya, in fuskanci hanya. Babu mai babur a ƙasar nan da ban san shi ba, na san ubanshi, na san wanda ya raɗa wa uban suna. Duk wanda ya taho zan kira maka sunanshi. Kai ka riƙe gaba, ni in riƙe baya."

Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Baba, in wanda ba ka sani ba ne fa?"

Na ce, "Ai babu shi."

Ya ce, "In akwai. Kada ka ƙirƙiro mani suna don in kama ƙwallo. In ba ka san shi ba, ka ce ba ka san shi ba."

Na ce, "Na yi maka alkawari, ga ubanka shaida."

Haka muka fara. Ina zaune na ba fili baya, mutane suna wucewa suna cewa tsufa ya taɓa Mumini, ya zo kallon ƙwallo yana kallon gona. Babur ya taho, in ce, "Jamilu mai kifi ne, ya ɗauko kwali biyu!" Wani ya taho, "Malamin asibiti ne, ya makara kamar kullum!" Ranar farko ya waiga sau shida, don ya tabbatar ko gaskiya nake faɗi. Rana ta uku sau biyu. Ranar da mako ya cika, na kira suna goma sha ɗaya, kuma duk lokacin abin da nake ji a bayana shi ne kap, kap, kap. In babu babur kuma, sai mu juyo mu yi aikin tsayuwa da faɗuwa da fita kama kwana, ina jefa mashi 'ya'yan goruba biyu a lokaci ɗaya yana zaɓen wadda na kira.

Ranar Safana ta zo, yau mako uku ke nan, kuma da yawanku kuna nan. Armaya'u ya sa shi. Kashin farko muna ragar gabas, muka zura ɗaya, na gan ta da idona, na yi rawar da gwiwata ta yi kwana uku tana tuna mani. Aka dawo hutu, muka koma yamma. Na ɗauki kujerata na juya. Ni da ban taɓa ƙiftawa ba in ana wasa, minti arba'in da biyar ina kallon karan dawa, ina jin wasa da kunne kamar mai sauraren rediyon da batir ya mutu.

Saura kaɗan a tashi na ji usur, na ji 'yan Safana sun ɓarke da ihu. Fenariti. Fili ya yi tsit. Cikin shirun nan, sai ga ƙarar babur daga wajen daji.

Na zuba ido. Mutum biyu ne a kai, sun naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Na dubi babur, ban san shi ba. Na dubi zaman mai tuƙi, ban san shi ba. Ina jin numfashin yaron a bayana, bai fi taku huɗu tsakaninmu ba. Wallahi, jama'a, sunan Jamilu mai kifi ya zo har kan harshena. Kalma uku ce, in faɗe ta ya kama ƙwallonshi, in ya so daga baya a san abin yi. Ba wanda zai sani.

Na ce, "Rilwanu, wannan ban san shi ba."

Na ce, "Amma na tashi tsaye, ga ni zan tare shi a hanya. In abin gudu ne, muryata za ka fara ji. Kafin nan, gabanka naka ne."

Na ɗauki sanda na nufi hanya. Ban yi taku goma ba na ji usur. Na ji bugu. Na ji ihun da ya tashi tsuntsayen tsamiya gaba ɗaya. Ban san ko ihun waye ba, don ban juya ba, na ce baya zan riƙe. Na tsaya tsakiyar hanya na ɗaga sanda, babur ya ci burki, mai tuƙi ya kwance rawani ya ce, "Baba, lafiya? Don Allah an tashi wasan? Taya ce ta yi mana faci." Magoya bayan Safana ne! Sun naɗe fuska ne saboda ƙwarin hanya! Ga ɗayansu can yana ɓoye fuska a bayan mutane, na gane ka yanzu, kuma na tambayi sunan kakanka, ba za ka sake wuce ni ba.

Sai da yara suka zo suka ɗaga ni sama sannan na san ya kama. An ce ya tashi ta hagu, an ce da hannu ɗaya, wasu sun ce biyu. Mutum talatin sun ba ni labari, kala talatin. Wani ya kawo mani waya in gani, ashe mai ɗaukar ya yi tsalle, sararin sama kawai ya ɗauko. Kamu mafi kyau da aka taɓa yi a filin Karare, ni Mumini mai riƙe da lissafin garin nan, ban gan shi ba. Da na tambayi yaron ko ya waiga, ya ce, "Baba, wuyana ya so. Amma da ka ce ba ka san shi ba, sai na san duk sauran da ka kira gaskiya ne."

Magana ta huɗu roƙo ce, kuma ita ce ta ƙarshe, Alhaji, kana iya fiddo agogon.

Cikin yara goma sha huɗun nan na gwada, shida suna waige. Ba laifinsu ba ne, kuma ba ciwo ba ne. Zamani ya koya masu, kuma wataƙila wata rana ya cece su. Na ji kwamiti yana shawarar a juya filin, raga ta koma kudu da arewa. Ina roƙo a bar ta inda take. Yaran nan za su je Safana, za su je Batsari, in Allah ya so za su je Katsina da gaba da Katsina, kuma kowane fili yana da abin da ke bayanshi. Ba za mu bi duniya muna juya filaye ba. Abin da nake nema dattawa ne. Ku da ke zaune gindin bishiya daga la'asar zuwa magariba kuna gardamar farashin taki, ku ɗauko kujerunku ku zo bayan raga ku yi gardamar a nan. Kun san mutane kamar yadda na san su. Ba a neman takarda, ba a neman gudu. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka yi wa yaro ƙarya. Mutanen Safana, ku ma ku nemo naku tsofaffin, na san kuna da su, na sha ganin su suna barci a kasuwa.

Iyaye kuma, in kun ga yaro mai hannu, ko mai kama kaza in ta kuɓuce, ko wanda kwano ba ya faɗuwa a gabanshi, ku kawo mani shi.

Yanzu, da na sauka daga nan za a buga wasan ramuwa. Jiya da yamma Rilwanu ya same ni ya ce, "Baba, gobe ka zauna cikin mutane ka kalla." Na ce, "Wa zai riƙe baya?" Ya ce, "Baffa zai zo." Na ce, "Ubanka ai bai san sunan mutanen Karare ba, mi zai kira maka?" Ya ce, "Ba sai ya kira ba. Mu ba ma magana in mun zauna."

Ku dubi bayan ragar yamma. Mutumin can mai malafa, da sanda bisa kafaɗa, wanda ya ba mu baya tun da aka fara taron nan, Hamidu ke nan. Yau ya fara taka filin ƙwallo, kuma ko ƙwallon ba zai gani ba.

Ban san abin da zai faru ba. Yau babu murya, babu suna, kuma ranar kasuwa ce a ƙauyukan yamma, babura za su yi ta wucewa. Mai yiwuwa ya riƙe wuyanshi har a tashi. Mai yiwuwa ya waiga, Safana su zura. To ga roƙona gare ku duka, mutanen gida da baƙi, manya da na bisa katanga. In kun ga yaron nan ya waiga, kada wanda ya ce gola yana barci. Yanzu kun san abin da yake dubawa. Ku yi shiru ku bar shi ya juyo da kanshi.

Ni kuwa a ba ni wuri a layin gaba, kuma duk wanda ya tsaya a gabana zai sha sanda, ko wakilin waye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, daga Ruma har Safana, daga bakin daji har cikin gari. Allah ya mayar wa wanda aka raba da gidanshi gidanshi, wanda aka raba da garkenshi ya ba shi wanda ya fi shi. Allah ya kawo ranar da ƙarar babur za ta koma ƙarar babur kawai a kunnen 'ya'yanmu. Allah ya tsare gwiwoyin yaran nan da yatsunsu, ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya, ya mai da baƙinmu gida lafiya, ko da ransu a ɓace. Allah ya jiƙan waɗanda muka buga da su suka riga mu.

Alƙalin wasa, ka ɗan jira in sauka, matakalar nan tana da tsawo.

Na gode.